Yadda Aka Koya wa Na'ura Sauraron Kiɗa

A shekarar 1815 wani Bajamushe mai ƙere-ƙere, Johann Nepomuk Maelzel, ya yi rajistar wani ɗan akwatin katako da sunansa. A cikin akwatin akwai sandar ƙarfe a tsaye mai lilo dama da hagu tana ƙas-ƙas, da wani ɗan dunƙulen ƙarfe da ake turawa sama ko ƙasa don a rage mata gudu ko a ƙara. Metronom ke nan. Sai dai ba Maelzel ne ya ƙirƙiro shi ba. A Amsterdam ya gan shi, wajen wani maƙeri mai suna Dietrich Nikolaus Winkel, ya koma Faris ya liƙa masa ma'auni mai lambobi, ya shiga ƙerawa yana sayarwa. Winkel ya kai kuka gaban majalisar masana ta ƙasar Holan, suka tabbatar shi ne mai abu, amma aikin gama ya gama. Har yau haruffan M.M. da ake rubutawa a saman takardun kiɗa sunan Maelzel suke ɗauke da shi. Mutumin dama gwanin rufa-ido ne. Shi ne ya riƙa yawo Turai da Amurka da wani mutum-mutumi mai rawani, wai yana buga darar chess da kansa, alhali akwai ƙwararren ɗan wasa a duƙe cikin akwatin.

Lambobin da ya ƙara ɗin su ne suka sauya sana'ar. Kafin nan marubucin kiɗa a Turai sai dai ya rubuta kalmar Italiyanci a saman takarda, mai nufin a yi sauri ko a bi a hankali, kowane makaɗi ya fassara yadda ransa ya ba shi. Yanzu kuwa ana iya cewa bugu 120 a minti ɗaya. Beethoven, wanda Maelzel ya taɓa ƙera wa ƙahonnin ƙara ji lokacin da kunnensa ya fara mutuwa, ya rungumi abin hannu biyu, kuma a 1817 aka wallafa lambobin gudun manyan kaɗe-kaɗensa takwas. Gardama ba ta mutu ba duk da haka. Wasu lambobin nasa, irin 138 da ya sa wa farkon kiɗan fiyanonsa Hammerklavier, sun yi saurin da ƙwararru da yawa suka ce yatsa ba ya iya bi, kuma shekara ɗari biyu ke nan ana ja-in-ja a kan ko na'urarsa ce ta samu matsala, ko kuwa makaɗa ne suka cika nawa.

Metronom umarni yake bayarwa, ba ya sauraro. Tambayar da ke kishiyar tasa, wato ga kiɗa an riga an buga, nawa ne gudunsa kuma waɗanne sautuka aka haɗa a ciki, ba ta zama aikin yi ba sai da Thomas Edison ya fito da na'urar naɗar murya a 1877. Daga nan sauti ya zama abin da ake iya tsarewa a maimaita.

Waɗanda suka fara cin moriyar wannan su ne masu tattara waƙoƙin gargajiya. Béla Bartók na ƙasar Hangari ya fara shiga ƙauyuka a 1906 ɗauke da na'urar Edison mai ƙaho, yana sa tsofaffi da makiyaya su rera a bakin ƙahon, allura tana zana muryarsu a jikin gwangwanin kakin zuma. A 1913 har Biskra ta Aljeriya ya je. Naɗar ita ce mai sauƙin. In ya koma gida sai ya zauna da fensir, ya rage gudun na'urar zuwa rabi, ya saurari gaɓa ɗaya ya sake saurara, yana ƙoƙarin kama kowace karkarwar murya da kowane ɗan jinkiri. Kakin zuma kuwa kowace kunnawa cinye shi take yi, saboda haka yawan maimaitawar ma da kuɗinsa. Takardunsa cike suke da ƙananan kibiyoyi masu nuna cewa wannan sautin ya ɗan haura wanda ke kan fiyano, wancan ya ɗan gaza. Ko da yaƙi ya kore shi zuwa Amurka, aikin da ya samu a Jami'ar Columbia a 1941 shi ne dai wannan: rubuta waƙoƙin Sabiya da Kuroshiya daga faya-fayan da Milman Parry ya naɗo.

Makaɗan jaz ba su da fensir ɗin Bartók, amma hanyar ɗaya ce. Masu tarihin Charlie Parker sun rawaito cewa a 1937, yana saurayi, ya tafi aikin kiɗa a tsaunukan Ozark da faya-fayan Count Basie, ya haddace busar Lester Young sauti bayan sauti, ya dawo Kansas City wani mutum daban. Samarin da suka biyo baya masu koyon gita sun gano wata dabara a jikin garmaho mai gudu huɗu: faifan da aka yi don juyi 33 a minti, in aka kunna shi a 16, gudunsa ya ragu da rabi, sautin kuma ya sauko hawa ɗaya cif, ya yi kauri amma bai canza suna ba. Zamanin kaset ya kawo nasa salon, na danna mayarwa baya har maɓallin ya gaji, ko a zura biro a ramin kaset a juya don a tsimi batir.

An yi ta ƙoƙarin ɗora wa na'ura wannan wahala tun kafin kwamfuta ta yaɗu. A shekarun 1950 Charles Seeger a Kalifoniya ya jagoranci ƙera melograf, mai zana hawa da saukar murya a kan takarda. A Landan kuwa A. M. Jones, tsohon ɗan mishan da ya daɗe a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, ya yi aiki da Desmond Tay, sarkin kiɗa ɗan ƙabilar Ewe daga Gana. Jones ya haɗa wata na'ura mai farantan ƙarfe da takarda mai tafiya, duk inda makaɗi ya ƙwanƙwasa faranti lantarki ya bar alama, daga nan a auna tazarar da ke tsakanin alamomin. Da ita ya rubuta kaɗe-kaɗen da ke cikin littafinsa na 1959. Melograf ɗin kuwa da sharaɗinsa: murya ɗaya a lokaci ɗaya. Da zarar kayan kiɗa biyu sun haɗu, sai ya ruɗe.

Dalilin ruɗewar yana cikin halittar sauti kanta. In aka taɓa tsirkiyar gita mai karkarwa sau 110 a sakan, wadda makaɗa ke kira A, ba 110 kaɗai ke fita ba. Tare da ita akwai 220, da 330, da 440, da 550, suna raguwa a ƙarfi. To 330 sautin E ne, 550 kuma yana daf da sautin da ke tsakanin C da D. Waɗannan ukun, in aka danna su tare a kan fiyano, su ne kod ɗin A, kod kuwa shi ne sautuka uku ko fiye da aka buga lokaci guda. Ke nan tsirkiya ɗaya tak tana ɗauke da inuwar kod sukutum a cikinta. Sai a ƙara fiyano da gita mai kauri da ganguna da muryar mawaƙi, kowanne da jerin nasa, duk sun narke cikin igiyar sauti guda. Neman na'ura ta ware su tamkar a miƙa wa mutum miyar kuka da ta dahu ne a ce ya fitar da daddawa gefe, gishiri gefe.

Lissafin warewar ya daɗe da samuwa. Joseph Fourier na Faransa ya nuna a littafinsa na 1822, wanda a kan yaɗuwar zafi ya rubuta shi ba kiɗa ba, cewa ana iya tsinka igiya mai sarƙaƙiya zuwa igiyoyi masu sauƙi. Yawan lissafin ne ya gagari mutane, sai a 1965 James Cooley da John Tukey suka wallafa gajeriyar hanyar yinsa da kwamfuta. Ɗaya daga cikin buƙatun da suka tunzura aikin nasu shi ne gano gwajin bam ɗin nukiliya na Tarayyar Sobiyet daga girgizar ƙasa. Shekara goma bayan haka James Moorer ya kammala digirinsa na uku a Stanford da manhajar da ta iya rubuta kiɗan muryoyi biyu daga naɗi, bisa sharuɗɗa masu tsauri a kan irin sautukan da aka yarda su haɗu.

A daidai lokacin, wata sana'a ta taso wadda cinikinta kacokan a kan gudun kiɗa yake. Francis Grasso, mai sa faifai a gidan rawa na Sanctuary a New York wajen 1969, yana cikin na farko da suka riƙa daidaita bugun waƙa biyu, ta yadda ɗaya za ta shige cikin ɗaya masu rawa ba su tsaya ba. A wancan zamani masu wannan sana'a da agogo suke aiki: a ƙirga bugu na sakan 15, a ninka sau huɗu, a rubuta lambar a jikin kwalin faifan. Garmahon Technics SL-1200MK2 na 1979 ya zo da maɓallin zamiya mai ƙara gudu ko rage shi da kashi takwas cikin ɗari, amma kunne ne ke yanke hukunci.

Abin da ya ba masu bincike mamaki shi ne, bin bugu, wanda yaron goye ma yakan yi da jijjiga in ana kiɗa a gidan biki, ya zama ƙashin wuya ga kwamfuta. Bugu ba kullum yake cikin sautin ba. Wani lokaci makaɗi ya yi shiru daidai inda kowa ke taka ƙafa, ya buga da ƙarfi a inda ba a takawa. A 1994 Masataka Goto da Yoichi Muraoka na Jami'ar Waseda a Tokyo suka nuna manhajar da ke bin bugun waƙoƙin zamani kai tsaye daga faifai. Sai da suka haɗa da babbar kwamfutar Fujitsu mai ƙwaƙwale da dama, kuma sai waƙar tana da ganguna, tana tafiya huɗu-huɗu. Dabararsu ita ce su saki 'yan leƙen asiri da yawa a cikin manhajar, kowanne da nasa hasashen inda bugu na gaba zai faɗo. Wanda hasashensa ya fi dacewa da abin da ya biyo baya, shi ake bi.

Eric Scheirer na MIT ya bi wata hanya a 1998, wadda ta fi sauƙin fahimta. Ya raba sautin gida shida, daga mai kauri zuwa siriri. A kowane gida ya watsar da sautin kansa, ya riƙe hawa da saukar ƙarfinsa kawai, musamman wuraren da ƙarfin ya yi tsalle farat ɗaya, kamar saukar makaɗi a kan fata. Sai ya zuba wannan cikin jerin matatai sama da ɗari, kowacce an saita ta ta amsa amo a gudu guda. Matatar da gudunta ya dace da na waƙar sai amonta ya yi ta ƙaruwa, sauran su dusashe. A duba wadda ta fi cika, an samu amsa. Manhajojin yau sun fi wannan wayo nesa ba kusa ba, amma wani kuskuren zamanin yana nan daram. Waƙa mai bugu 70 sai manhaja ta ce 140, mai 170 ta ce 85. A lissafi duka biyun daidai ne, domin mai taka ƙafa sau ɗaya da mai takawa sau biyu duk suna kan kiɗa. Shi ya sa manhajojin masu sa faifai suke da maɓallan ninkawa da rabawa.

Ɓangaren kod ya samu mabuɗinsa a 1999, a wani taro a Beijing. Takuya Fujishima, wanda ke bincike a Stanford, ya kawo shawara mai sauƙi har ta ba da haushi: a daina wahalar gano kowane sauti da wanda ya buga shi. Sautukan fiyano goma sha biyu ne, suna maimaituwa hawa-hawa. To a buɗe ma'aji goma sha biyu, duk wani C, mai kauri ko siriri, na gita ko na murya, a tara ƙarfinsa a ma'ajin C, haka sauran. In ma'ajin C da E da G suka fi cika a wannan ɗan lokacin, kod ɗin C ake bugawa. Kusan duk manhajojin gano kod na shekaru goma sha biyar da suka biyo baya a kan wannan tubali aka gina su.

A 2003 Alexander Sheh da Dan Ellis na Columbia suka aro lissafin da ake amfani da shi wajen gane maganar ɗan Adam, wanda ke la'akari da cewa wasu kod sun fi yawan bin wasu, kuma kod ba ya canzawa sau goma a sakan. Waƙoƙin ƙungiyar Beatles ashirin suka yi gwaji da su. Nan matsalar gaskiya ta fito fili: na'urar da za ta koya daga misali tana buƙatar misalai masu amsa a rubuce, kuma babu mai rubuta amsar sai mutum. Christopher Harte, ɗalibi a Queen Mary ta Jami'ar Landan, shi ya ɗauki wannan kaya. Ya bi waƙoƙi 180 na kundayen Beatles ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta sunan kowane kod da sakan ɗin da ya fara da wanda ya ƙare. Aikin Bartók ne sak, sai dai a gaban allon kwamfuta, kuma shekaru da dama kusan duk wanda ya ƙera manhajar kod da jarrabawar Harte yake auna ta. A 2011 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka ƙara da ɗaruruwan waƙoƙi daga jadawalin Billboard na Amurka.

Beatles ɗin ma ba su bar na'ura ta huta ba. Waƙarsu Strawberry Fields Forever, da aka naɗa a ƙarshen 1966, naɗi biyu ne masu gudu daban da tushen sauti daban. Injiniya Geoff Emerick ya ƙara wa ɗaya gudu, ya rage wa ɗaya, ya haɗa su wajen minti na farko, sakamakon ya faɗa tsakanin sautuka biyu na fiyano. Irin wannan ne ya tilasta wa manhajoji su fara da auna saitin faifai kafin su buɗe ma'ajinsu goma sha biyu. Sai kuma kod ɗaya tilo da ya buɗe A Hard Day's Night a 1964, wanda masu gita suka shekara arba'in suna musu a kansa. A 2004 Jason Brown, malamin lissafi a Jami'ar Dalhousie ta Kanada, ya tsinka shi da lissafin Fourier, ya ce akwai sautukan da gita-gitan ƙungiyar ba za su iya bayarwa ba, dole mai shirya musu kiɗa George Martin ya danna fiyano a ciki. An yarda da batun fiyanon, an ci gaba da musu a kan wa ya buga me.

Gasar shekara-shekara ta MIREX, da aka fara a 2005 aka kuma shigar da gano kod a 2008, ta nuna makin manhajoji yana hawa har wajen kashi 80 cikin ɗari a kan kod masu sauƙi, musamman bayan shigowar manhajoji masu koyo da kansu. Daga nan hawan ya yi sanyi, kuma wani bincike daga Jami'ar Utrecht ya nuna dalili. An ba ƙwararrun makaɗa huɗu waƙoƙi hamsin su rubuta kod ɗinsu. A kan kod masu sauƙi sun dace a wajen kashi uku cikin huɗu, a kan masu sarƙaƙiya da ƙyar suka wuce rabi. Manhajar da ta ci maki fiye da haka, a gaskiya kunnen mutumin da ya rubuta mata amsa ta haddace.

Kasuwa ba ta jira a warware wannan ba. Manhajar Ableton Live ta fito a Berlin a 2001 da miƙar da naɗi ya zauna kan kowane gudu, Mixed In Key ta zo a 2006 tana gaya wa masu sa faifai waƙoƙin da tushensu ya dace, Melodyne ta nuna a 2008 cewa ana iya ciro sauti ɗaya daga cikin kod a gyara shi, Chordify ta Holan, mai gano kod, ta buɗe a 2013, sannan a 2019 kamfanin Deezer ya saki Spleeter kyauta, mai raba murya da ganguna da sauran kaya.

A situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos waɗannan kayan sun samu waƙoƙin da suka dace da su. Kiɗan fina-finan Hausa, tun ƙarshen shekarun 1990, a kan fiyanon Yamaha ya tashi, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bibiyi tarihinsa, daga baya ya koma cikin manhajar FL Studio da 'yan uwanta. Waƙar nanaye tun haihuwarta a kan lamba take, mai haɗa kiɗa ne ya rubuta gudun da hannunsa kafin a buga komai, saboda haka manhaja ba ta shan wahalar gano shi.

Labari yakan sha bamban in aka ɗora mata kuntigin Ɗan Maraya Jos, ko gurmin Haruna Uji, ko kalangun ƙungiyar Mamman Shata. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, mawaƙi da 'yan amshi kuma layi ɗaya suke bi, ba a kan jerin kod aka gina waƙar ba. Amma manhajar da aka ba jerin amsoshi dole ta zaɓi ɗaya, kuma tunda kowace tsirkiya tana ɗauke da inuwar kod, sai ta jero sunaye a kan allo da cikakken ƙarfin hali. Kalangu ya fi dagula mata lissafi, domin makaɗi yana matse igiyoyinsa a hammata, sautin yana zamewa sama da ƙasa yana kwaikwayon magana, ba ya zama cikin ma'aji ɗaya daga goma sha biyun. Ga kuma kiɗan da ƙananan bugunsa ke rabuwa uku-uku da bibbiyu lokaci guda: in ƙananan 360 ne a minti, wani ya ji 120, wani ya ji 180, maɓallin ninkawa kuwa ba ya kai mutum daga wannan zuwa wancan.

Masu binciken sun san da wannan giɓi. Daga 2011 zuwa 2017 Xavier Serra ya jagoranci shirin CompMusic a Barcelona, a kan kiɗan arewacin Indiya da na kudancinta, da makam na Turkiyya, da wasan waƙe na Beijing, da kiɗan Andalus na Magrib. A kowanne sai da suka sauya tambayar. A Indiya kowane mawaƙi shi ke zaɓar tushen sautinsa, don haka gano tushen ya zama aikin farko. A Turkiyya hawa ɗaya ya rabu fiye da gida goma sha biyu. Kiɗan Afirka ta Yamma ba ya cikin biyar ɗin.

Wata aunawa mai tsanaki da aka yi wa gangunan yankin nan ta fito ne daga Mali. Rainer Polak, wanda ya daɗe yana koyon kiɗan jembe a Bamako, ya naɗi makaɗa kowa da makirufonsa, sannan shi da Justin London da Nori Jacoby suka auna saukar kowane hannu. A wasu kaɗe-kaɗen, sun tarar ƙananan bugun da ke cikin babban bugu ba tsawonsu ɗaya ba, akwai gajere akwai dogo, kuma makaɗan suna riƙe wannan rashin daidaito da ƙwarewar da ba ta gaza ta kiɗan da ke rabe daidai ba, ko da gudu ya ƙaru. Sun wallafa sakamakon a 2016. Maɓallin jera bugu a kan layi da ke cikin manhajojin situdiyo, in aka bar shi a saitinsa na asali, wannan tazarar yake ɗauka a matsayin kuskure ya goge.